Wasiƙar Mushe zuwa Fatakwal

Shekarar da aka tura ni Jibiya koyar da Turanci, iyalina ba su bi ni ba. Matata tana aiki a wani asibiti a Funtuwa, manyan yaran kuma sun riga sun saba da makarantarsu, saboda haka muka yanke shawara in tafi ni kaɗai, in riƙa zuwa gida ƙarshen wata. Na kama ɗaki guda a bayan wani sito na hatsi, a kan hanyar da ta miƙe zuwa Magama inda shingen iyaka yake. Tagar ɗakin tana kallon titi. Daga kan katifata nakan ga manyan motoci masu lambar Nijar suna wucewa a hankali, an lulluɓe kayansu da tamfol.

Malaman makarantarmu mutanen kirki ne, amma duk 'yan ƙasa ne. Da an tashi kowa zai hau babur ɗinsa, wannan ya nufi Bugaje, wancan Farfaru, wani ko gida ba zai biya ba sai gona. Ni kuwa in koma ɗaki in dafa taliya a risho, in ci a cikin tukunyar don kada in ɓata kwano. Ranakun aiki da sauƙi. Lahadi ce ke ba ni wuya, don ranar ce kasuwa ke ci. Gari ya cika ya batse, kowa na kiran wani da sunansa, ni ko ba ni da wanda zancenmu zai wuce ina kwana da ina gajiya.

A zangon karatu na biyu idona ya fara ruwa in na daɗe ina duba littattafan ɗalibai. Mai siton ya ce in je kasuwa, a gindin wata bishiyar bedi kusa da masu igiya, akwai wani tsoho daga tsallaken iyaka da ke sayar da tabarau. Na same shi zaune a kan buhu, dogo siriri, gemunsa fari gyararre, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe, ga alƙalami a aljihun gaba. Ya jera tabarau a kan wani allon katako. Wanda ya iya karatu yakan miƙa masa tsohuwar jarida ya gwada, wanda bai iya ba ya ba shi allura da zare. Na ji mutane suna ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a Nijar. Daga baya ya gaya mini ya shekara talatin da wani abu yana koyarwa a firamaren ƙauyuka tsakanin Ɗan Isa da Maraɗi kafin ya ajiye aiki.

Ban karɓi jaridar ba, na buɗe littafin da nake shirya darasi a ciki. Ina gwada tabarau ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana leƙen rubutuna ta bai-bai. Sai ya tambaye ni abin da zan koya wa yara gobe. Na ce wani lokaci ne na aikatau da ake kira past perfect, wanda Bature ke amfani da shi in abu biyu sun faru a baya, yana so ya nuna wanne ya riga wanne. Ya ce ai Faransawa ma suna da shi, ya faɗi sunansa da Faransanci, ya ce ya koyar da shi har ya gaji. Ya roƙe ni in karanta masa misali ɗaya. Na karanta: The lorry had left before the rain started. Na ce ma'anarsa motar ta riga ta tashi kafin ruwa ya sauko.

Ya goge wani tabarau da gefen rigarsa. Can ya ce, "Malam, in kasuwa ta yi sauƙi bayan azahar, ko za ka dawo? Akwai abin da nike so in gwada maka."

Ba ni da wurin zuwa, sai na dawo.

Ya fito da littafin rubutu irin na makarantun Nijar, mai layuka ƙanana masu kusurwa huɗu. Kafin ya buɗe sai da ya ba ni labari. Yana da ɗa namiji guda ɗaya, wanda ya bar gida tun yana saurayi ya tafi Fatakwal neman aiki. A can ya auri wata 'yar ƙasar da ba ta jin Hausa, suka haifi 'ya mace. Shekara huɗu da suka wuce ɗan ya kwanta ciwo ya rasu. Matar ba ta san hanyar da za ta bi ta samu iyayensa ba, sai ta gaya wa wani mai albasa, shi ya gaya wa wani direba, direban ya kai maganar Maraɗi, daga nan ta gangaro ƙauye. Sai da aka fi mako biyu kafin ta iso kunnen tsohon. Bara kuma wani ɗan ƙauyensu da ke fatauci a can ya haɗu da yarinyar, ta zama budurwa, har ya karɓo lambar wayarta. Da ya ce mata kakanta yana gaishe ta, abin da ta ce kawai shi ne, kakan da ya ji mutuwar babanta ya ƙi zuwa jana'iza.

Yarinyar ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Shi kuma Turancinsa ɗan abin da ya tsinta ne a kwaleji tun yana yaro, sai wani tsohon ƙamus da ya aro. Na ce me zai hana a kira ta a waya in yi masa tafinta. Ya girgiza kai. Ya ce ya koya wa ɗiyan mutane rubutu tsawon rayuwarsa, ba zai yi wa jikanyarsa magana da bakin wani ba. Shi ya sa ya fara rubuta mata wasiƙa da Turanci a littafin.

Wasiƙar shafi biyu ce a lokacin, da rubutu mai kyau irin na malaman da, kowane harafi a jingine da ɗan uwansa. A tsakiyar shafin farko na ga jimlar da ya ja wa layi: When the message came, they buried him.

Na tambaye shi abin da yake nufi. Ya ce, ko da saƙo ya iso, an riga an binne shi. Na ce to ba haka jimlar ta ce ba. Yadda ya rubuta, yarinyar za ta fahimci cewa da saƙo ya iso gare shi, sannan aka binne, kamar ana jiransa ne ya ƙi zuwa. Mu a Hausa "riga" ko "tuni" ko "ko da" ne ke ɗaukar wannan nauyin, aikatau ba ya canjawa, amma a Turanci dole aikatau ɗin kansa ya ja da baya. Na karɓi alƙalaminsa na rubuta a ƙasa: By the time the message came, they had already buried him.

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana duban jimlolin biyu, yana bin su da yatsa.

"Ashe da na aika haka nan, da na shaidi kaina da hannuna," in ji shi.

Daga ranar muka fara. Duk Lahadi bayan azahar nakan same shi a gindin bedin, mai igiyar da ke kusa da shi ya matsa mana gefen tabarmarsa. Kalmar had ba ta ba shi wahala ba. Har dariya ya yi da ya ga ita kaɗai ce ga ni da kai da mu da su, ya ce Ingilishi malalata ne, a Faransanci sai yaro ya sha bulala kafin ya haddace yadda take juyawa. Abin da ya dame shi shi ne siffa ta uku ta aikatau. Bai ga dalilin da go zai zama went sannan ya zama gone ba, alhali bury ya tsaya a buried bai motsa ba. Ya rubuta su a bayan littafin cikin layi uku, yana bita a mota in yana tahowa. Kalmomin lokaci kuma muka bi su ɗaya-ɗaya: before da after, until, already, sai by the time da ya yi ta ƙoƙarin fassarawa kalma-kalma yana ruɗewa, har na ce ya daina, duk inda zai ce "ko da" ya sa ta. Na nuna masa cewa in akwai before ko after, sau da yawa tsarin abin ya fito ko ba had, amma in when ce, had ɗin ne kaɗai ke raba gardama. Nakan ja layi a ƙasa da tsinke, in dasa tsakuwa biyu, wadda ta riga da wadda ta biyo. Ya ce shi ma haka yake yi wa yaransa, sai dai da ƙwallon goruba.

Ni ma na ƙaru da shi. Da na yi masa ƙorafin ɗalibaina suna hamma in na fara wannan darasi, ya ce laifina ne da nake farawa da ƙa'ida. In tambaye su abin da ya riga ya faru a gidansu kafin su fito da safe. Na gwada ranar Litinin. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce kafin ta farka akuyarsu ta riga ta haihu, aji ya kwashe da dariya, muka yi rabin awa muna mayar da haihuwar akuya Turanci.

Yakan zo da dafaffiyar gyaɗa a ƙulle a leda, ni kuma in sayo mana fura. Ya san shekarun yarana uku. In na ce ƙaramin yana haƙori, mako mai zuwa sai ya tambaya ko zazzaɓin ya sauka. A duk garin shi kaɗai ke yi mini irin wannan tambayar. Na lura na daina jin nauyin Asabar, don nakan yi ta ne ina shirya misalan da zan kai masa.

A Lahadi ta shida ya zo da sabon shafi. Ina karantawa na ci karo da wannan: He had called me two times before he fell sick, and I had not answered. Babu kuskure a ciki. Na ɗago na dube shi, shi kuma yana kallon masu wucewa. A hankali ya gaya mini abin da bai faɗa ba tun farko. Ɗan ya yi auren nan ne ba tare da ya sanar da shi ba, sai bayan an ɗaura ya aiko. Tsohon ya yi fushi, fushin ya shekara goma sha wani abu. Ba shi da waya, akwai dai wani mai kanti a ƙauyen da ake kiran mutane ta wayarsa. Sau biyu mai kantin yana zuwa har ƙofar gida ya ce ga ɗanka a layi, sau biyu yana cewa a ce masa yana gona.

Na ce masa a ganina ya cire wannan. Yarinyar tana riƙe da ƙulli ɗaya, wasiƙar an yi ta ne don a kwance shi, me zai sa ya ba ta wani sabo da ba ta ma san da shi ba.

"Malam, nahawu na tambaye ka," ya ce. Sannan ya sassauta murya. "In na gaya mata abin da ba laifina ba, na ɓoye wanda ke laifina, to mi na rubuta?"



A gaskiya ranar nan wasiƙar ta kammala. Shafi huɗu, Turanci mai sauƙi, wani wurin da ɗan tauri irin na mai koyo, amma babu inda za a yi mata mummunar fahimta. Na san haka. Amma da ya tambaye ni ko ta yi, sai na ji bakina yana cewa akwai 'yan gyare-gyare. Na nuna masa waƙafi biyu. Mako na gaba na ce two times ɗin nan gara a mai da shi twice, ya sake kwafe shafin gaba ɗaya don ba ya son gogewa a takarda. Mako na bayansa na rasa abin kamawa, sai na ce ya bar mini littafin in duba shi a tsanake cikin mako. Ya miƙo mini da hannu biyu. Lambar yarinyar tana rubuce a cikin bangon.

A cikin makon nan aka rufe iyaka.

Motocin da nake gani suna wucewa ta tagata suka tsaya cak, layi ya miƙe tun daga shinge har ya wuce ƙofar siton. Direbobi suka shanya wanki a jikin madubin mota, suka kafa murhu a ƙarƙashin tirela. Bayan kwana kaɗan warin albasar da ta fara ruɓewa ya cika unguwa. Ranar Lahadi na je kasuwa da littafin a hannu. Rabin rumfuna babu kowa. A gindin bedin mai igiya ne kaɗai, ya baje kayansa har inda allon tabarau ke zama. Ya ce masu ƙarfi suna ratsowa ta gonaki, amma Mushe da ciwon gwiwarsa ba zai iya wannan tafiyar ba.

Littafin ya zauna a kan akwatina mako biyar. Nakan dawo daga makaranta in buɗe shi in karanta, har na haddace. Sau da yawa na ɗauki waya zan ɗauki hoton shafukan in tura, sai in fasa. Ba wasiƙata ba ce, kuma mai ita bai ce ta yi ba, don ni na hana shi cewa. Lahadi ta koma yadda take da, har ta fi, don yanzu na san abin da na rasa. Nakan je kasuwar duk da haka in zauna wurin mai igiya, shi kuwa ba mai yawan magana ba ne, sai mu yi ta kallon hanya.

Da na je gida ƙarshen wata na ba matata labari duka. Tana ninke kayan yara ba ta dube ni ba, ta ce tsohon nan yana can yana zaton rubutunsa ne bai yi ba, ya kamata in gaya masa gaskiya ko da ba za a aika wasiƙar ba.

Matar mai igiya 'yar ƙauyen su Mushe ce, kuma tana shirin zuwa sunan ɗan ƙanwarta ta hanyar gonaki. Na rubuta takarda da Hausa. Na ce wasiƙarsa ba ta da aibu tun Lahadi ta shida, ni ne na yi ta jan abin saboda ba na son zamanmu ya ƙare, don ba ni da kowa a garin sai shi. Na roƙe shi gafara. Na tambaye shi ko in tura ta wayata, ko in mayar masa da littafinsa. Ban taɓa rubuta wa wani namiji irin wannan maganar ba, sai da na yaga biyu kafin ta uku.

Bayan kwana goma mai igiya ya miƙo mini wata 'yar takarda da aka ninke huɗu. Layi uku ne kawai. "Malam, na gane tun mako na biyu na gyare-gyaren nan, ai ni ma na yi aikin gyara da jan biro. Ban yi gardama ba don tsoron amsarta nike ji. Ka aika."

Na fita bayan siton inda haske ya fi, na shimfiɗa littafin a kan wani dutse, na ɗauki hoton shafukan huɗu da waya. Na rubuta gajeren bayani a sama cewa ni malami ne abokin kakanta, rubutun kuma na hannunsa ne, sannan na tura. Kafin la'asar alama ta nuna an buɗe. Ba amsa ranar, ba amsa washegari. Na shiga duba waya a tsakiyar darasi, abin da nake hana ɗalibai. Sai a rana ta tara saƙo ya shigo ina cikin cin abinci. Ta ce ta karanta, ta karanta wa mamarta ma. Ta ce ba ta san abin da za ta ce masa ba tukuna. Ta tambaya ko yana da hoton babanta yana yaro, don ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba.

Na kwafe saƙon da hannu yadda yake da Turanci, ban fassara ba, don na san zai fi so ya zauna da ƙamus ɗinsa ya warware da kansa. Ya bi ta hannun matar mai igiya tare da littafin. Da ta sake dawowa ta zo da ambulan, a ciki akwai hoto ɗan ƙarami marar launi, gefensa ya cinye. Yaro ne ɗan shekara goma cikin gajeren wandon makaranta, ya ƙame kamar soja, ya riƙe allo a ƙirji. Na ɗauka na tura. Wannan karon ba ta jima ba. Ta yi godiya, ta ce kunnuwanta irin nasa ne sak. Na rubuta wannan ma a takarda, na haɗa da hoton na mayar.

Ƙarshen zango na uku takardar canjin wurin aiki da na daɗe ina nema ta fito, aka mayar da ni kusa da Funtuwa. Ba a buɗe iyaka ba tukuna. Na bar wa mai igiya lambata da ta yarinyar, na ce ya kai wa Mushe, ya kuma gaya masa na tafi. Na ɗaure katifa da risho a saman mota, muka kama hanyar Katsina da hantsi. Wajen Daddara ana ta noman gero. Na yi murnar komawa cikin iyalina, amma har muka shiga Katsina ina ta waiwayen hanyar da muka baro.

Lambar yarinyar tana cikin wayata har yanzu. Ban sake rubuta mata ba, don ban ga hurumina a ciki ba, ita ma ba ta sake nemana ba. Ban sani ba ko sun ci gaba da magana.

Na kira mai igiya a waya sau biyu bayan na koma. A na farko ya ce Mushe yana nan lafiya sai dai ƙafa, kuma ko da aka buɗe hanya bai dawo kasuwa ba. A na biyu wata mata ce ta ɗauka. Ta ce ba ta san wani mai igiya ba, layin sabo ne ta saya.